Sanin Hali Ya Fi Sanin Kama

Lokacin da muke yara a Maraɗi akwai wani ɗan daudu mai sayar da abinci a bakin tasha. Tuwon shinkafa yake yi da miyar taushe, da rana kuma dafa-duka, kuma direbobi da ƴan kamasho duk a wurinsa suke ci. Mu ƴan lakwal, in an tashi, sai mu bi ta gaban rumfarsa da gangan, mu kira shi da wani suna da aka laƙa masa, mu kwaikwayi tafiyarsa da yadda yake karya wuya, mu watse da gudu. Da dare kuma mu biya dala biyar mu shiga gidan kallo, a sa mana kaset ɗin barkwanci, a fito da ɗan daudu yana rangwaɗa yana tafa hannu yana habaici, a ƙarshe a bi shi da duka, mu yi ta dariya har da hawaye. Ba mu taɓa ganin bambanci tsakanin na cikin kaset da na bakin tasha ba. Wanda muka kalla da dare shi muke tsokana da rana. Shekaru muka yi a haka, kuma ko ɗayanmu bai san sunansa na yanka ba.

Tuna wannan ne ya sa nake so mu tattauna wata tambaya da mutane da yawa ke kauce wa: me fim yake yi wa zuciyar mai kallo idan ya nuna masa mutumin da al'umma ta ware saboda yanayinsa ko saboda wanda zuciyarsa take so? Ina nufin ƴan daudu, da maza masu son maza, da mata masu son mata. Na san daudanci daban, neman jinsi ɗaya daban, don akwai ƴan daudu masu mata da ƴaƴa. Amma a bakin jama'a cikin buhu ɗaya ake zuba su, kuma wulaƙanci iri ɗaya suke sha. Na kuma san abin da mafi yawan masu karatu suka yi imani da shi a kan wannan al'amari, kuma fatawa aikin malamai ce. Tambayata tana zuwa ne kafin hukunci. Wanda muke magana a kansa ɗin nan, mun taɓa ganin sa a matsayin mutum kuwa?

Yadda aka saba nuna su

Wasu na cewa bai kamata fim ya taɓa wannan batu ba sam. Gaskiyar magana ita ce fim ya daɗe yana taɓa shi. A Amurka, masu kamfanonin fim na Holiwud sun rubuta wa kansu ƙa'idojin tacewa a 1930, aka soma aiki da su da ƙarfi a 1934, ba a ajiye su ba sai 1968. Cikin abin da ƙa'idojin suka hana har da nuna masu neman jinsi ɗaya a fili. Hanin bai fitar da su daga fim ba, sai dai ya sa aka riƙa shigo da su a fakaice. Wani lokaci a fito da namiji mai ɗabi'ar mata don a yi dariya, wani lokaci mugu mai kisan kai, wani lokaci kuma abin tausayi wanda dole ya mutu kafin a tashi. A 1981 wani marubuci mai suna Vito Russo ya fitar da littafi, The Celluloid Closet, inda ya bi tarihin waɗannan fina-finai, a ƙarshensa ya jera sunayen irin waɗannan mutane na cikin fim da yadda kowannensu ya mutu: wannan ya kashe kansa, wancan an kashe shi.

Ka yi tunanin yaron da ya tashi yana kallon haka shekara da shekaru. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa ga yadda za ka ɗauki mutanen nan, amma ya koya. Ya koyi cewa irin wannan mutum abin dariya ne, ko abin tsoro, ko gawa. Darasin da muka ɗauka ke nan a gidan kallo, da dala biyar ɗinmu.

Mu ƴan Afirka bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin an yi mana. Shekaru da dama baƙar fata a fina-finan Turawa ɗan dako ne mai ɗauke da akwati a ka, ko mai ihu a daji da mashi. A 1965, a wata tattaunawa da suka yi, Usman Sambene na Senegal ya gaya wa Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya yi fina-finai da yawa a Nijar, cewa irinsu suna kallon ƴan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari. Umaru Ganda namu, wanda ya fito a fim ɗin Rouch mai suna Moi, un noir na 1958 lokacin yana aikin dako a Abijan, daga baya ya ɗauki kyamara da kansa ya yi Cabascabo, labarin sojan da ya dawo gida daga yaƙin Indocin, yaƙin da shi ma ya halarta. Ya yi haka ne don mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo. Wanda ya san zafin a kalle shi kamar ƙwaro ya kamata ya fi kowa lura idan shi ma yana yi wa wani irin wannan kallon.

Abin da kyamara take yi

Fim yana da makamai biyu da hirar majalisa ba ta da su, wato lokaci da fuska. A majalisa in an ambaci irin waɗannan mutane, kalma ɗaya ake jefawa a wuce. Fim kuwa zaunar da kai yake yi awa biyu tare da mutum guda. Za ka ga ɗakin da yake kwana, ka ga uwarsa, ka ga abin da ke ba shi tsoro. Sannan kyamara ta matso kusa da fuskarsa, kusancin da ba ka yi da kowa a rayuwa sai ɗanka ko matarka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Da wuya ka kalli fuskar mutum a irin wannan kusanci ka ci gaba da riƙe shi a matsayin kalma ɗaya.

Dubi fim ɗin Philadelphia na 1993. Tom Hanks ya fito a matsayin Andrew, lauyan da aka kora daga aiki bayan an gane yana ɗauke da ƙanjamau, cutar da muke kira sida. Denzel Washington kuma ya fito a matsayin Joe, lauyan da ke ƙyamar masu neman maza. Da Andrew ya kawo masa ƙararsa ya ƙi karɓa, har ya garzaya wurin likita yana tambaya ko musabahar da suka yi za ta sa ya kamu. Daga baya suka haɗu a ɗakin karatu. Joe yana daga gefe ya ga ma'aikacin wurin yana matsa wa Andrew ya koma wani ɗaki shi kaɗai, mutane suna ja da baya. Joe baƙar fata ne a Amurka, ya san irin wannan kallo. Sai ya tashi ya je ya zauna kusa da shi. Fim ɗin bai nuna Joe ya wayi gari ya zubar da duk ra'ayinsa ba. Ya karɓi shari'ar ne don an yi zalunci, kuma a ƙarshe, a gadon asibiti, da hannunsa ya gyara wa Andrew abin shaƙar iska a fuska. Mutumin da ya ji tsoron musabaha ya kai ga taɓa fuska. A ganina don irin su Joe aka yi fim ɗin, wato don mai kallon da ya shigo da ƙyamarsa.

Moonlight na Barry Jenkins, wanda ya fito a 2016 ya kuma ci kyautar Oska ta fim mafi kyau a 2017, ya bi wata hanyar. Labarin yaro ne baƙar fata a wata unguwar talakawa a Mayami, uwarsa ta faɗa shan ƙwaya. An raba fim ɗin kashi uku, kowane kashi da sunansa, kuma ƴan wasa uku ne suka fito a matsayinsa. Yana ƙarami yara na kiransa Little saboda ƙanƙantarsa. A tsakiya muka same shi da sunansa na yanka, Chiron. Da ya girma ya koma Black, ƙaton mutum mai haƙoran gwal, mai sayar da ƙwaya, wanda ya gina wa kansa jiki kamar katanga don kada a sake dukan sa. Akwai wurin da yaron, yana zaune a teburin cin abinci, ya tambayi mutumin da ke kula da shi ma'anar zagin da yara suke yi masa, sannan ya tambaya ko shi ɗin haka yake. Yaro ne da bai kai ga aikata komai ba. An riga an ba shi suna, an riga an dake shi saboda sunan, shi kuma bai ma san ma'anarsa ba.

A nan fim ɗin ya koya mini wani abu game da tambayar nan ta “wane ne ni?” Mutum ba ya gina kansa shi kaɗai. Rabin abin da ya zama amsa ce ga yadda aka kira shi da yadda aka kalle shi. Zafin bakin da muka san ƴan daudu da shi, da habaicin da muke biya mu kalla, wa ya taɓa tambaya ko sulke ne da mutum ya saƙa wa kansa bayan shekaru na jifa?

Masana sun yi nazarin wannan. A 1954 Gordon Allport, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana cewa ƙyama tsakanin rukunonin mutane tana raguwa idan suka yi cuɗanya bisa daidaito. A 2005 Edward Schiappa da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa sabawa da mutum ta akwatin talabijin ma tana iya yin irin wannan aiki. Abin da suka tabbatar da bincike kakanninmu sun taƙaita shi da cewa gani ya kori ji.

Daga Konakiri zuwa Nairobi

Kada a ɗauka fina-finan Amurka kaɗai ake magana. A 1997 Muhammad Kamara na ƙasar Gini ya fitar da Dakan, ma'ana ƙaddara, labarin samari biyu, Manga da Sori. Gwamnatin ƙasarsa ta janye tallafinta da ta gane abin da fim ɗin ya ƙunsa, kuma ya sha wahala kafin ya sami ƴan wasan da za su yarda su fito. Abin da ya fi tsaya mini a rai a fim ɗin shi ne mahaifiyar Manga. Ta kai ɗanta wurin masu maganin gargajiya don a raba shi da abin da take gani ciwo ne. Fim ɗin bai mai da ita muguwa ba. Uwa ce mai son ɗanta, mai son ganin jikoki, mai tsoron bakin duniya. Kana kallo kana jin zafin ɗan, kana kuma jin zafin uwar, ba ka da damar zubar da ɗayansu.

A 2018 Wanuri Kahiu ta Kenya ta yi Rafiki, kalmar Suwahili mai nufin aboki ko ƙawa. Shi ne fim ɗin Kenya na farko da aka nuna a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Labarin ƴan mata biyu ne a Nairobi, Kena da Ziki, waɗanda iyayensu maza ke takarar kujera ɗaya. Da asirinsu ya tonu, mutanen unguwa suka taru suka yi musu dukan kawo wuƙa, ƴan sanda kuma suka kama waɗanda aka daka suka bar masu dukan. Mahaifin Kena ya zo ya ɗauki ƴarsa ya rungume ta, alhali ya san abin da hakan zai jawo wa takararsa. Hukumar tace fina-finai ta Kenya ta haramta fim ɗin, sai dai a watan Satumba na shekarar kotu ta ɗage haramcin na kwana bakwai.

Uban nan shi ne tambayar da fim ɗin ke yi wa mai kallo. Ba a nuna shi yana wa'azi ko yana canza aƙida ba. An nuna shi ne a ofishin ƴan sanda, ƴarsa na zaune jina-jina. Kai da kake karatun nan, in kai ne, me za ka yi?

Ƙorafi uku da ya kamata a saurara

Na farko, za a ce wannan duk farfaganda ce ta Turawa don a sauya mana tarbiyya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Fim ba ya zama ɗan ba-ruwana. Mai kyamara shi ke zaɓar wanda za a nuna da kyau, da inda kiɗa mai taushi zai shigo, kuma masu ba da kuɗi da masu raba kyaututtuka suna da irin labarin da suka fi so. Uba yana da haƙƙin duba abin da ƴaƴansa ke kallo. Amma wannan ma'auni ya hau kan kaset ɗin barkwancinmu ma, don shi ma tarbiyya ya yi mana, ya koya mana cewa dukan wani mutum abin dariya ne. Sannan mutumin bakin tasha ba daga fim ya fito ba. Yana nan tun kafin a kawo bidiyo garinmu, kuma kalmar daudu ba Bature ya ara mana ita ba.

Na biyu, za a ce tausayin gidan kallo ba shi da tsada. Ka zubar da hawaye, a kunna fitila, ka koma halinka. Wannan ƙorafi ya fi na farko ƙarfi. Philadelphia da mutuwa ya ƙare, haka ma Brokeback Mountain na 2005. Tausaya wa mamaci abu ne mai sauƙi, tunda ba zai zo ya yi sallama a zaurenka ba, ba zai nemi hayar ɗaki a gidanka ba. Wanuri Kahiu ta bayyana cewa hukumar tacewa ta nemi ta sauya ƙarshen fim ɗinta ne saboda ya ƙare da fata mai kyau maimakon nadama. Ashe ana iya jure ganin su suna shan wuya, abin da ba a iya jurewa shi ne ganin su a raye suna da gobe. Don haka hawaye ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne yadda za ka yi da mai rai idan ka fito.

Na uku, fim na iya ɗaga wani ya taka wani. A Afirka ta Kudu an yi fim mai suna Inxeba a 2017, labarin maza masu son juna a sansanin kaciyar samari na ƙabilar Xhosa. Mutane da yawa daga ƙabilar suka yi zanga-zanga, suna cewa an tona asirin al'adar da ba a nuna wa bare, har wasu gidajen silima suka dakatar da nuna shi a farkon 2018. Wasu cikin masu zanga-zangar ƙyama ce ta fito da su, amma wasu ciwon tonon asiri ne, kuma su ma suna da haƙƙin kada a kalle su kamar ƙwari. Haka nan wanda ya kalli fim ɗaya ya ce ai yanzu ya san su duka, ya koma gidan jiya. Yaron Mayami daban, ƴar Nairobi daban, mai tuwon Maraɗi daban. Fim nagari mutum ɗaya yake nuna maka, ya bar ka da sanin cewa sauran ma kowa da labarinsa.

Fahimta da amincewa

Abin da ke sa mutane gudun irin waɗannan fina-finai, a ganina, tsoro ne cewa in ka fahimci mutum to ka amince da duk abin da yake yi. Ba haka rayuwa take ba. Kowannenmu yana da ɗan'uwa ko aboki da bai yarda da wata hanyarsa ba, amma ya san shi, yana cin abinci da shi, in ya kwanta ciwo zai je dubiya. Alƙali nagari ma sai ya saurari mutum ya fahimce shi kafin ya yi hukunci. Fahimta ba ta tilasta maka sauya abin da ka yi imani da shi. Abin da take hana ka shi ne zalunci cikin kwanciyar hankali. Bayan ka ga fuskar Kena a ofishin ƴan sanda, da wuya ka tsaya cikin taron masu duka kana jin kana aikin kirki. Da wuya ka kori ɗanka cikin dare ka koma ka yi barci. Wataƙila wannan shi ne abin da wasunmu ba sa so, domin ƙyama ta fi sauƙin ɗauka idan ba ta da fuska.

Akwai kuma mai kallo na biyu da ba mu cika tunawa da shi ba, wato yaron da ke zaune cikinmu a gidan kallo wanda ya san a ransa cewa da shi ake. Yana dariya tare da mu don kada a gane. Abin da kaset ɗin ya gaya masa shi ne ƙarshensa duka ne da tozarci. In har akwai labarin da zai nuna masa cewa shi mutum ne mai daraja, wanda uba zai iya zuwa ya ɗauka, ban ga yadda za a ce wannan labari ya fi na dukan cutarwa ba.

Mai tuwon tasha ya rasu ina hutu a gida, lokacin na girma. Na bi wani yayana direba zuwa jana'izar. A nan na ji abin da ban sani ba: shi ya riƙe marayun ƙanensa, shi ke aika wa tsohuwarsa hatsi a ƙauye, kuma kowace yamma almajirai na layi a bayan rumfarsa. Da liman zai yi masa addu'a ya ambaci sunansa na yanka. Ranar na fara jin sa. Sunan mahaifina ne.

Bayan shekaru na kalli Moonlight a kwamfuta. A farkonsa akwai inda yara suka biyo yaron nan da gudu, ya faɗa wani kangon gida ya kulle ƙofa, suna ta jifa daga waje. Kyamara ta shiga ciki ta zauna tare da shi cikin duhu, ya toshe kunnuwansa. Ni kuwa na san inda nake a wannan hoto. Ina waje, cikin masu jifa. Shekara da shekaru ina ba da labarin tsokanar da muka yi a tasha ana dariya, ban taɓa tambayar kaina yadda abin yake daga cikin rumfar ba sai ranar. Ban samu na nemi gafararsa ba. Allah ya jiƙansa, mu kuma ya yafe mana.